Kujerar Baba da Gogen Ranar Lahadi

Kaset ɗin ya riga ni shiga gidan mijina. Ranar da aka kawo ni ɗakinmu na Kakuri, can bayan tsohuwar masaƙa, ƙawayena suna ta jera mini kwanuka, ni kuwa idona ya faɗa kansa a saman rediyo. Gidansa na roba ya tsage a gefe, an naɗe da salatif. A takardar ciki akwai hoton wata Baturiya cikin baƙar riga, kafaɗunta a waje, ta kwantar da kumatunta a kan gogen Turawa, ta lumshe ido kamar wadda ake raɗa wa magana mai daɗi. Rubutun da ke ƙasan hoton ba irin Turancin da muka yi a makaranta ba ne. Wata ƙawata ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Amarya, wannan fa? Ƙanwar ango ce?" Aka fashe da dariya. Na taya su, amma sai da na kife hoton kafin na mayar.

A unguwar Television na tashi, kuma littattafan soyayya sun raine ni kusan kamar yadda Mama ta raine ni. Akwai wani mai tebur kusa da inda bas ke tsayawa da yake ba da hayarsu. In karɓo, in cusa a tsakiyar littafin waƙoƙin coci, Mama ta gan ni a kan tabarma na duƙufa, ta sa mini albarka ta wuce. A cikinsu na koyi yadda namiji yake so: ya zo da yamma yana ƙamshi, ya jingina da mota, ya faɗi maganar da za ta hana yarinya cin abinci. Da baki ake so. Abin da na ɗauka ke nan, kuma har yau ban gama sakinsa ba.

Sai Allah ya haɗa ni da mutumin Filato mai gyaran wuta, wanda in ya ce miki sannu da safe, to ya yi rabin maganar ranar. Da can aikin lantarki yake a masaƙa. Da aka rufe ta, ya buɗe ɗan shago yana gyaran fanka da dutsen guga da janareto. Fankar Mama ce ta kawo shi gidanmu. Ya gyara, ya dawo duba ta, ya sake dawowa duba ta, har Mama ta ce masa, "Ɗana, fankar nan dai lafiyarta ƙalau. In da wata magana, ka faɗa."

Tun lokacin neman aure ya taɓa kunna mini kaset ɗin. Ya zo da rediyonsa a hannu, ya ajiye a barandarmu, ya ce, "Akwai abin da nake so ki ji." Na ce a raina, yau ce ranar. Ya kasa faɗa da bakinsa, ya samo mawaƙin da zai faɗa a madadinsa. Na gyara ɗankwali, na sunkuyar da kai yadda 'yan matan littafi suke yi. Kiɗa ya fara, kayan busa da gogaye masu yawa, suna ta tafiya, suna ta tafiya. Na jira. Can wani goge ya fito shi kaɗai, sauran suka ja baya. Na ƙara jira. Da wuyana ya gaji da sunkuyo na ɗago na ce, "Wai yaushe za su fara waƙar?"

Ya dube ni, ya ɗan yi murmushi, ya sa yatsa ya kashe.

"Babu waƙa a ciki," in ji shi. "Bari, wata rana."

Ya fita ya sayo mini tsire. Wata ranar kuwa ba ta zo ba.

Bayan aure na gane kaset ɗin yana da ranarsa, yana kuma da mutuminsa. Duk Lahadi, in an taso daga sujada an ci abinci, rana ta ɗan karkata, sai in ji keke ya tsaya a bakin layi, sai murya tun daga ƙofar gida: "Masu gida! Kuna nan ko kun gudu?" Baba ke nan. Ba mahaifin ɗayanmu ba ne. Dattijo ne mutumin Binuwai, shi ne shugaban ɗakin saƙa lokacin da Maigida ya shiga masaƙa yana saurayi, kuma a unguwar Kamazou yake zaune wajen 'yarsa. Da ƙarfi yake magana, kamar yawancin tsofaffin masaƙa, don ƙarar injuna ta cinye musu kunne. Kaset ɗin ma asalinsa nasa ne. Wani injiniya Bature da ya zo haɗa injuna ne ya bar masa da zai koma ƙasarsu. Wata rana rediyon Baba ya lalace, ya kawo wa Maigida gyara, suka sa kaset ɗin don gwaji, ba su tashi ba sai da ya ƙare. Daga nan kaset ya zauna a wajen Maigida, Baba ke biyo shi.

Muna da kujerar katako mai hannu a falo, ita ce ta Baba. Maigida ya jawo benci ya zauna dab da shi ta hagu, ya saki labule, ya kashe waya. Ko an ɗauke wuta ba ya tada janareto saboda ƙara. Yana da baturan da ya keɓe, ko tocila ba a sa wa. Ni kuma ina tsakar gida da kwanukan wanke-wanke, cikin ranar da ita kaɗai ce mijina ba ya shago.

Ta bango na haddace kiɗan, ba da son raina ba. Kashi uku ne. A na farko taron makaɗa ne ke buɗewa, su share fage kamar dangin amarya, su daɗe suna yi, sannan ita mai gogen ta shigo. Kafin ta shigo ana jin ta ja numfashi, ɗan kaɗan, kamar mai shirin ɗaga tulu. Daga nan ta faɗa su amsa, ta yi gaba su bi ta, wani lokaci su taso mata gaba ɗaya kamar za su danne ta, ta ɓullo ta samansu. Akwai inda kowa yake yin tsit a bar ta ita kaɗai, tana hawa tana hawa har sautin ya koma kamar zare. Kashi na biyu a hankali yake, irin na wanda ya zauna a bakin kogi bayan kowa ya tafi. A tsakiyarsa wani mutum cikin masu kallo yana yin tari, don a gaban jama'a aka ɗauka. Na ukun kuma rawa ce, da gudu, kamar ta manta ita ce ta gama kuka.

Da ita na fara kishi. Wata rana yana cin tuwon acha na ce, "Maigida, wace ce ita?"

"Wa?"

"Ta jikin kaset."

"Mai goge ce."

"Tana da aure?"

"Ina zan sani, Madam?"

"Ka san numfashinta, amma ba ka san ko tana da aure ba?"

Ya yi dariya har ya ƙware, sai da na miƙa masa ruwa. Kuma ya je ya faɗa wa Baba. Lahadi na zagayowa, Baba tun bai zauna ba ya ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji: "'Yata, an ce kina cigiyar Madam ɗinmu ta kaset! Ai yanzu ta yi jikoki, in ma tana da rai. Kwantar da hankalinki, ni ne saurayinta. Mijinki ɗan rakiya ne kawai."

Ban kwantar ba. Na ɗauki takardar kaset ɗin a ɓoye na kai wa masu tura waƙoƙi a waya a bakin kasuwa. Suka duba rubutun, suka laluba, suka samo kiɗan. Wanda suka samo namiji ne yake yi, ƙato mai sanƙo da gemu. Da na ga hotonsa na ji kamar in yi guɗa. Ga shi tas, babu shuuu ɗin nan na tsohon kaset. Na kai wa Maigida da yamma ina ta fara'a. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya kara a kunne ya saurara na ɗan lokaci, sannan ya miƙo mini.

"Kiɗan ne," ya ce, "amma ba shi ba ne."

"Kamar yaya ba shi ba ne? Sun ce rubutun ɗaya."

"Wannan sauri yake, kamar zai kama mota. Ba ya numfashi. Kuma ina mai tari?"

"Har tarin ma jiransa kuke?"

"Baba yana jin tarin," in ji shi, ya ci gaba da ɗaure takalminsa.

A lokacin ban ɗauki maganar da wani nauyi ba. Na goge mai gemu daga wayata, na koma tsakar gida.

Abin da ya raba ni da kishin Baturiya, leƙe ne. Wata Lahadi na ɗan ja gefen labule, ina so in ga fuskar da yake yi mata. Sai na tarar hira suke. Kiɗa yana tafiya, su kuma suna zance, amma babu sauti ko kaɗan. Leɓe kawai ke motsi, da gira, da ɗan juya yatsu. Daga baya na san maganar masaƙa ce: a ɗakin saƙa ko ihu ka yi na kusa da kai ba zai ji ba, don haka ma'aikata suka saba karanta bakin juna, mutum yana wannan bango ya ba na wancan bango labari har da ban dariya. Masaƙa ta mutu, maganarta ta rage a bakin waɗanda suka yi ta.

Mijina na gani, wanda nake roƙon kalma a wajensa kamar mai roƙon gishiri. Bakinsa ba ya tsayawa. Ya faɗa, ya ƙara, ya ware ido, ya girgiza kai, Baba ya mayar masa, su yi dariya kafaɗu na rawa ba a jin komai. Ashe yana da magana. Ashe rumbu guda gare shi, tsoho yake ɗebar wa, ni kuwa a ba ni sannu da safe. Na saki labulen, na zauna a kan turmi, na rasa inda zan sa kaina. Baturiya takarda ce. Wannan kuwa da ƙafarsa yake zuwa, ni nake dafa masa abinci.

Makami ɗaya nake da shi, kuma tarbiyya ce ta ba ni. A gidajenmu ba a barin baƙo haka nan, balle dattijo. Matar gida za ta shigo da ruwa, ta durƙusa ta gaishe shi, kuma wadda ta durƙusa ba a amsa mata da ɗaga hannu. Su kuma suna da tasu dokar: in aka katse kiɗa, ba a ci gaba daga inda aka tsaya, sai an koma farkon kashin. Sai in bari Madam ta ja numfashinta ta shigo, ta fara hawa, sannan in ɗaga labule da kofin ruwa a faranti.

"Baba, sannu da zuwa. Ya gajiya? Ya mutanen Kamazou? Ya jikoki? Ya ƙafar, ta yi sauƙi?"

Maigida ya danna ya kashe. Baba ya amsa ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfi, har ya tambayi Mama. In fita. In ji Maigida ya ciro kaset ya zura biro yana juyawa, don kada ya ƙona batur. A sake daga farko. In ba su lokaci su nutsa, sai in shigo da kunun gyaɗa. Bayan kunu, dafaffiyar gyaɗa. Bayan gyaɗa in tuna ban tambayi jikin 'yarsa ba, alhali an ce ta yi zazzaɓi.

Babu mai iya cewa na yi laifi. Da a zumuntar mata ta coci aka ba da labarin, tafi za a yi mini. Baba dai ya gane. Wata rana na shigo da faranti ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "'Yata, gaisuwar nan taki haihuwa take yi. Ɗazu uwar ta zo, yanzu ga 'yar."

"Ai girmanka ne, Baba."

"To Allah ya rage mini girman nan kaɗan, don in ji Madam ta kai gida!"

Da ya tafi Maigida ya same ni a kicin. "Madam, don Allah ki riƙa haɗa gaisuwar wuri ɗaya."

"Au, in bar baƙo a zaune kamar kayan gyara? A ce matar wane ba ta san mutane ba?"

Ya juya ya fita. Na ci nasara, amma ni ce na yi asara, don duk komawa farko ƙara wa Baba zama yake. A da yakan tafi da sauran rana. Da na fara gaisuwa, sai ya kai har masu ƙosai sun hura wuta a bakin titi.

Ranar da na daina, ruwa ake yi. Irin ruwan nan na tsakiyar damina da ke dukan kwano har mutum bai jin kiran sunansa. Na ɗauko faranti, ba takalmi a ƙafata, na ɗaga labule, babu wanda ya juyo. Suna cikin kashi na biyu, mai tafiya a hankali. Na buɗe baki zan ce Baba sannu, sai na ga abin da labule yake ɓoye mini in na leƙa ta gefe.

Baba ya naɗe hannun rigarsa, ya shimfiɗa hannunsa na hagu a kan hannun kujera, tafin yana kallon sama. Yatsan Maigida yana kan fatarsa. In goge ya hau, yatsan ya taso daga wuyan hannu ya nufi gwiwar hannu, a hankali, daidai da tafiyarta. In ta sauko ya sauko. In ta ja sauti ɗaya ta riƙe shi yana rawa, yatsan ya tsaya wuri ɗaya yana rawa. Da mutumin nan ya yi tarinsa, Maigida ya ɗan ƙwanƙwasa ƙashin hannun Baba, su biyun suka murmusa ba tare da sun buɗe ido ba. Baba ya kwantar da kai gefe, fuskarsa sak ta matar da ke jikin kaset.

Hannun nan ne da bai taɓa riƙe nawa ba ko za mu tsallaka titi. In na kama shi a gaban mutane sai ya zame ya ce ana kallo. Ban taɓa sanin yatsan da ke murɗa waya yana da wannan taushin ba. Na tsaya har kunu ya fara hucewa, sannan na koma da farantina, ban gaishe da kowa ba.

Bayan ruwa ya tsagaita ya raka Baba ya dawo, na tare shi yana goge laka a ƙofa.

"Me kake rubuta masa a hannu?"

Ya ɗago. "Kin gani?"

"Na gani."

Ya zauna a bakin dakali. Wannan ce magana mafi tsawo da ya taɓa yi mini, kuma a kan wani ya yi ta. Ya ce kunnen masaƙa siraran sauti yake fara zubarwa. Ganguna da manyan gogayen nan masu kauri Baba yana jin su, har a ƙirjinsa. Tari ma yana ji. Amma da zarar ita ta hau sama, shiru ne a wajensa, kamar an rufe ƙofa. "Ya fi ni sanin kiɗan," in ji shi. "Yana da shi duka a kansa. Hanya ce kawai take ɓace masa. Ni nake nuna masa inda take."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ki zo."

"Ni fa?"

"Ke me?"

"Ni ba ka taɓa nuna mini ba."

Ya dube ni da mamaki na gaskiya, ya ce, "Ke ai kunnenki lafiya, Madam."

Na san abin da ya kamata mace mai tsoron Allah ta ji a nan. Tausayi, da godiya cewa ta auri mutumin kirki. Na ji su, ba ƙarya. Amma a ƙarƙashinsu kishin ya ƙara kauri. A littattafan da na karanta, wadda take ja da ke yarinya ce mai dogon gashi, kina iya fin ta kwalliya, ki fi ta girki, ki fi ta iya magana. Babu littafin da ya faɗa mini yadda ake ja da kurumtar tsoho. Na tsani lafiyayyun kunnuwana. Ranakun Lahadin da suka biyo baya ina zama a kan turmi, kiɗa yana zuwa ta bango, in sa yatsana a hannuna in bi ta sama da ƙasa. Ba ya yin komai. Yatsan mutum ba ya ba fatarsa labari.

Ana nan sai Baba ya ce zai koma gida Binuwai. 'Yarsa ta yi ta roƙo, ya ce ya gaji da sayen doya a kasuwa, gara ya je ya tsufa kusa da inda take fitowa. Da na ji, na yi murna. Na yi murna ƙwarai, har na daka masa sakwara a Lahadinsa ta ƙarshe da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Ranar ma ban shiga ba ko sau ɗaya. Suka ji kashi ukun a jere, Madam ta kai gida. Can na ji muryarsa: "'Yata! Yau ma babu gaisuwa? Laifin me na yi?"

Na shiga na durƙusa. Maigida ya riga ya sa kaset a gidansa, yana miƙa masa.

"Oga, naka ne. Ka tafi da shi."

"In yi me da shi? Kaset yana da yatsa ne?" Ya ture hannun. Sannan ya dafa hannun kujera ya miƙe, ya juyo wajena. "Kujerar nan, kada ki bari a riƙa tara mata wanki. Kin ji ko?"

"Na ji, Baba."

"Ke kam ai kina ji," in ji shi, ya yi dariyarsa mai cika gida.

Lahadi ta zama tawa. Na shirya mata kamar yadda ake shirya wa biki. Muka je gaida Mama a Television, muka je kallon ƙwallon yaran coci, wata rana ma na sa ya kai ni shan yogot. Yana bina duk inda na ce, yana ɗauke mini jaka, ba ya gardama. Ba ya magana kuma. Rumbun nan da na gani ta labule ya bi Baba Binuwai. Rediyo yana nan an rufe shi da ɗan ƙyalle. In rana ta karkata, duk inda muke, sai in ga yatsansa yana tafiya a kan gwiwarsa, sama da ƙasa, shi bai ma sani ba. Baba yana can garinsu, amma har yanzu shi ke da wannan sa'ar. Na ce ya kunna mana, ni zan zauna in ji, ba zan ce uffan ba. Ya ce, "Bari, wata rana." Na san wannan wata ranar, mun taɓa haɗuwa.

Don haka wata Lahadi bayan sujada, yana waje yana wanke hannu, na buɗe kwalbar magani na ciro audugar da ke bakinta. Na raba biyu, na cusa a kunnuwana, na ɗaura ɗankwali a kai na ja shi tamau. Na yaye ƙyallen rediyo, na sa masa baturan nan da ba a taɓawa. Na saki labule. Na zauna a kujerar Baba, na naɗe hannun rigata, na shimfiɗa hannuna, tafin yana kallon sama.

Ya shigo ya tsaya. Ya ce wani abu.

"Ba na ji!" na faɗa da ƙarfi, irin na Baba.

Ya sake magana yana nuna kaina.

"Na ce ba na ji! Masaƙa ta cinye!"

Ya sa hannu ya rufe bakinsa, kafaɗunsa suna rawa. Na ɗauka zai fita. Ya daɗe a tsaye yana kallon hannun da na shimfiɗa. Sannan ya jawo benci.

Gaskiya auduga ba ta hana ji sosai. Dangin amarya suka fara share fagensu, ina jin su can ƙasa kamar daga gidan maƙwabta. Na lumshe ido, na jira, wannan karon ban tambayi komai ba. Numfashinta ban ji shi ba, nasa na ji a gefen wuyana, sai yatsa ya sauka a wuyan hannuna, da kaushinsa na mai murɗa waya, ya fara tafiya. Kiɗan da na haddace ta bango ina jin haushinsa, ashe ban taɓa sanin inda ya dosa ba. Inda nake ɗauka kuka take, yatsan wasa yake. Inda nake ɗauka ta gama, sai ya ɗan ja baya ya sake tasowa. Da aka zo wajen tari ya ƙwanƙwasa mini ƙashin hannu. Na buɗe ido ɗaya na saci kallonsa. Idonsa a rufe, leɓensa suna motsi, yana ta zuba zance ba sauti. Ban san ko da ni yake ba, ko da mutumin Binuwai. Ban iya karantawa ba.

Wajen ƙarshen kashi na biyu ta yi wata doguwar hawa. Yatsan ya taso, ya taso, ya iso gwiwar hannuna, ya tsaya cak, ita kuwa ba ta gama ba. Ya sunkuyo ya ɗaga gefen ɗankwalina.

"Hannunki gajere ne," ya ce. "Na Baba yana kai ta har sama."

"To ka wuce mana," na ce.

Ya wuce.

Yanzu ina koyon maganar masaƙa, amma malamin nawa marowaci ne. Na iya "zare ya tsinke", na iya "oga na zuwa", na iya "an tashi". Har yau ba mu zo kan ko kalma ɗaya ta cikin littattafaina ba. Wani lokaci jikokin Baba sukan kira ta bidiyo su riƙe masa waya, su biyun su kafa wa juna ido, baki yana ta motsi, suna dariya ba sauti, ni ina tsaye a bayan kujera ina tsintar abin da ya faɗo. In na ce me ya ce, sai Maigida ya ce, "Yana gaishe ki." Gaisuwa ba ta kai tsawon haka, ni na sani, sana'ata ce.

Hoton Madam yana nan a kife cikin gidan kaset. Audugar kuwa a nan nake ajiye ta, a bayanta, har Lahadi ta zagayo.